Sallahun da Na Riƙa Aikawa da Sunanki

Da sunan Allah, mai rahama, mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Balkisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ko da yake bango ɗaya ne tsakanina da ke yanzu da nake rubutun nan, har ina jin motsinki a ɗaki. Allah ya tsare ki a zaune, ya tsare ki a tafe. Ya raba ki da sharrin hanya da sharrin ƙarfe, da na mutum, da na abin da ido ba ya gani. Ya sa duk ƙofar da kika ƙwanƙwasa a buɗe miki da fara'a. Amin.

Na san za ki yi dariya, ki ce Inna ta rubuto mini wasiƙa alhali a kwano ɗaya muke cin tuwo. Yi dariyarki. Bakina nauyi gare shi, kin sani, amma hannuna tun da ya koyi baƙaƙen boko a makarantar manya bai san kunya ba. In na gama zan ɗora takardar a kan ordinatar ɗinki, kwamfutar nan taki, don nan ne kaɗai na tabbata idonki ba zai kuskure ta ba.

Jiya da la'asar na ga kin kwance jakar da kika ɗaure. Rigar sanyin nan mai kauri da muka sha yawo a kasuwa kafin mu samu, na gan ta ta koma kan igiya. Da na tambaye ki sai kika ce, "Inna, karatu ba gudu zai yi ba, bari in ɗan jinkirta." Raina ya ɓaci, amma ba da ke ba. Malaman can ƙasar sanyi sun ga aikinki, sun kira ki ki je ki yi bincike tare da su, kuma ke da bakinki kika gaya mini wuri irin wannan in an bar shi wani ake ba. Na san abin da ya sa kika kwance jakar. Yayanki ne. Tun da aka rufe ramin yuraniyom na Akokan ya rasa aiki ya tafi haƙar zinariya a Cibarakaten, ke kaɗai yake kira, ke kaɗai kike kawo mini labarinsa. Ranar da kika gaya masa za ki tafi ina tankaɗe a bakin ƙofa, na ji muryarsa ta fito daga salularki: "To in kin tafi, wa ya rage mini a Arlit?" Kina tsoron in kin ɗaga ƙafa ni da shi mu ɓace wa juna. A kan wannan nake rubuto miki, amma ki yi haƙuri da ni, sai na yi ɗan zagaye kafin in iso, haka tsofaffi muke.

Kin tashi kin ga rumfata a tasha, ina sayar wa direbobi tuwo da miya. Abin da ba ki gani ba shi ne yadda rumfar ta zama wurin ajiye sallahu, don ba ni na nema ba. Garin nan kowa baƙo ne, wasu daga Maraɗi, wasu daga Tawa, wasu daga Damagaram kamar mu. Yuraniyom ya tara mu a tsakiyar hamada, kowa kuma da wanda ya baro a baya. Direba dole ya ci abinci kafin ya ɗau hanya, to sai mace ta zo ta ce, "Mai tuwo, in mai zuwa Agadas ya zo ki ba shi ƙullin nan." Wani ma ba ƙulli, magana ce kawai, a ce wa wane matarsa ta sauka lafiya. Haka na wayi gari ina riƙe da kayan mutane da maganganunsu, ina jiran wanda zai wuce da su.

Shi ya sa ranar da kika zo hutu daga jami'ar Yamai na tambaye ki, "Wai me kuke yi ne a gaban akwatin nan tun safe har yamma?" ban yi zaton zan gane amsar ba. Kika jera kofunan shayi a kan tabarma, kika ce, "Inna, wannan kofi Arlit ne, wancan Cibarakaten. Tsakaninsu babu rezo, waya ba ta shiga, sai rairayi. Amma motoci suna kai da komo, kowane direba da salula a aljihu. So nake in koya wa salulolin nan su riƙe saƙo, in mota ta gitta mota su miƙa wa juna, har ya isa ga mai shi."

Na ce, "To ai sallahu ke nan."

Kika ce, "Sallahu ne, Inna. Sai dai na'ura ba ta da hankalin kanta. Dole in rubuta mata ƙa'ida daki-daki: wa za ta ba, wa za ta hana, wane saƙo zai fara fita, ina za ta ajiye shi don a same shi da sauri. In motoci sun yi dubu kuma, ƙa'idar ta ci gaba da aiki ba ta shaƙe ba. Wannan ne mai wuyar."

Sunan ƙa'idar nan da kika faɗa da Faransanci, algoritim, har yau in na faɗe shi sai ki ce na karya masa ƙafa. Ban ce na gane lissafinki ba, allon da kike cikawa da alamomi ni da shi sai kallo. Amma na ji daɗi ranar, na ji kaina ya yi girma, don na gane abin da ɗiyata take nema ba baƙon abu ba ne a gidanmu.

Tun daga nan nake mafarki ido biyu. Da azahar in tasha ta yi tsit, direbobi sun kwanta ƙarƙashin motocinsu, kawalwalniya ta malala a kan hanya kamar an zubar da ruwa, sai in zauna in zuba ido arewa. Sai in ga kamiyo biyu, manyan motocin kaya, sun gitta a tsakiyar rairayi, direbobin ko hannu ba su ɗaga wa juna ba, amma gaisuwar wata tsohuwa ta fita daga aljihun wannan ta shiga aljihun wancan. Ina ganin gaisuwar tana yini a bakin rijiya tana jiran mota ta gaba, ba ta jin ƙishirwa, ba ta gajiya. Wani lokaci har nakan ga duk saƙonnin da suka ɓace a hannuna sun taru a inuwar wani dutse can cikin Abzin, sun zauna sun jingina da kayansu, suna jiran ki gama karatu ki zo ki kwashe su. Ana nan sai wani ya ce, "Mai tuwo, a ƙaro miya," in dawo tasha.

Saƙonnin da suka ɓace a hannuna kuwa suna da yawa, kuma su ne kawai abin da nake da shi na ba ki guzuri.

Da farko a cikin wani tsohon tano nake zuba kayan, gangar ƙarfen nan da ake zuba mai. Ta sama nake sakawa, ta sama nake ɗauka. Ban taɓa tsayawa na yi tunani ba cewa wanda ya zo ƙarshe shi ke fara fita, wanda ya fara zuwa kuwa yana can gindi ana ta danne shi. Wata tsohuwa ƴar Tawa ta kawo mini ƙullin daddawa da kuka, ta ce a kai wa ɗanta da ke aikin gawayi a Anu Araren, ya gaji da miyar gwauraye. Na karɓa, na ce an gama. Kullum in ta wuce sai ta ce, "Ya tafi?" in ce ya tafi, don ni a raina ya tafi. Sai da na tashi wanke tanon na kife shi, na ga ƙullin ya faɗo, daddawar ta yi fumfuna. A lokacin tsohuwar ta koma garinsu, ban samu ko damar ba ta haƙuri ba. Babanki, Allah ya ji ƙansa, da ya dawo daga kai ma'aikata rami da kar ɗinsa, bas ɗin nan, ya tarar ina kuka a kan daddawa, ya yi mini dariya son ransa. Washegari ya kafa mini kantoci, kowace hanya da kantarta, ya ce sabon kaya ya riƙa bin bayan tsoho.

Da na ba ki labarin nan kin ce a cikin na'urarku ma akwai ajiyar tano akwai ajiyar layi, kowace da amfaninta. To ki ji nawa. In kin je can, manya za su yi ta ɗora miki aiki, kowa da gaggawarsa, kowa nasa ne a sama. Tambayar da kika taso da ita daga Arlit, ta mutanen da ke bayan rairayi, ita ce ta fara shiga tanonki, don haka ita za a danne. Ki riƙa kife tanon lokaci-lokaci ki ga abin da ke gindi. Kada ki wayi gari da furfura kina gyara wa masu rezo rezonsu, ki ce wa kanki waccan tambayar ta tafi alhali tana nan tana fumfuna.

Na biyun ya fi ciwo. Lokacin da ciwon ƙirji ya kwantar da babanki, ya ce in aika a gaya wa wansa a ƙauyensu, can bayan Mirya, inda a lokacin babu rezo. Magana ce mai nauyi, na ce ba zan ba kowa ba sai amintacce wanda zai je har ƙofar gida. Mai zuwa Agadas ya zo ya ci tuwo ya tafi, na ce wannan rabin hanya zai tsaya. Mai zuwa Tanut ya zo, na ce ban san halinsa ba. Ina ta jiran cikakken mutum mai cikakkiyar tafiya. Da ya zo na ba shi, kuma ya kai har ƙofar gida kamar yadda na so, amma kafin wan babanki ya iso an riga an yi sadakar uku. Da na ba mai Agadas, da ya ba wani, wanin ya ba wani, wataƙila da ƴan'uwan nan biyu sun ga juna. 

Ke kuwa halina kika ɗauko kaf. Tun kina lekol, makarantar boko, in mushe malaminku ya ba ku aiki sai ki yage takarda ki sake, ki yage ki sake, ba mai gani sai ya yi tas. Yanzu ma ina ganinki, in lissafi ya ƙi sai ki rufe ordinatar ki ce ba za ki nuna wa malaminki ba sai kin warware. Balkisa, ki nuna. Ki ba mai rabin hanya. Wanda ya san rabin amsa zai kai ki inda mai ɗaya rabin yake zaune. In kuma kin bi hanya wata da watanni ta ƙi ɓullewa, kada ki ɓoye don kunya. Direbobin nan in sun dawo sukan ce wa juna, kada ka bi ta wuri kaza, rairayi ya ci hanya, kuma ba wanda yake raina mai faɗar haka.

Akwai kuma wani direba mai gemu, ba zan faɗi sunansa ba don ya tuba har ya je Makka. Wata amarya tana kawo mini kilishi a kai wa mijinta, ni kuma shi nake ba, don fuskarsa ta mutanen kirki ce. Na daɗe ina ba shi. Ban taɓa cewa ya kawo mini amsa ba, ita ma amaryar kunya ta hana ta tambayar miji. Sai da mijin ya dawo ta ce masa, "Yaya kilishi?" ya ce, "Wane kilishi?" Ashe bawan Allah tun kafin ya fita gari yake buɗe ƙunshin, yana tuƙi yana taunawa. Da na tare shi sai ya shafa gemu ya ce, "Mai tuwo, ai ba ki taɓa tambaya ba." Daga ranar duk wanda na ba sallahu sai na ce ya dawo mini da kalmar mai shi, ko da "na gani" ce. Kin ce na'urarku ma haka take, in ba ta ji an ce an karɓa ba sai ta sake aikawa. Madalla da na'ura. To ke ma in saƙo ya zo miki daga gida kina tsakiyar aiki, ki ce kin gani, ko da ba ki da lokacin da ya wuce wannan.

Yanzu na iso inda nake ta zagayewa.

Yayanki shi ne ɗana na fari. Kin san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Haka uwata ta yi, haka uwarta ta yi. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa ƙauye, a can ya girma. Sai bayan rasuwar babanku ya zo Arlit neman aiki, saurayi dogo mai tafiyar ubansa. Ranar da ya shigo gidan nan zuciyata kamar ta fito, amma abin da na ce shi ne, "Balkisa, kawo wa baƙo ruwa." Ke na goya, ke na yi wa kitso, ke nake kira da suna safe da yamma yana ji. Shi kuwa "yaron nan" ne, ko "yayanki". Na ba shi ɗaki, na wanke masa kaya in ya fita, na ajiye masa tuwo da zafinsa. Ban taɓa zama na tambaye shi yadda ya yini ba.

Ranar da zai tafi Cibarakaten a gaban rumfata motar ta yi lodi. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, zan tafi." Ina tuƙa tuwo, ban ɗago ba, na ce, "Allah ya kiyaye." Ya ɗan jira, sannan ya tashi. Na bi motar da ido ta tsakanin tukwane har ta shige kawalwalniya, hawaye na zuba, na ce wa mata hayaƙi ne.

Bayan nan kin san abin da na riƙa yi, don kin sha yi mini tsiya a kai. Duk lokacin da Agali, direban nan mutumin Abzin mai kai ruwa da abinci wurin masu zinariya, zai tashi, sai in daka dakuwa in haɗa da yaji da ƴan magunguna in ba shi in ce, "A kai wa yaron gidanmu. A ce in ji Balkisa." Kina Yamai kina karatu, ba ki san an yi ba, sai ki ji yayanki ya hau dutsen da suke samun rezo ya kira ki yana godiyar dakuwa. Ke kuma ki kira ni ki ce ya gode, yana lafiya. Dubi wannan tafiya don Allah. Magana ta taso daga arewa, ta tsallake kan gidana, ta je har Yamai, sannan ta juyo ta same ni. In kina hutu kuwa sai ki buɗe muryar salula da gangan, ni kuma in ɗauko rariya in zauna kusa, in yi ta tankaɗe garin da na riga na tankaɗe.

Kin so ki gaya masa gaskiya, na hana ki, na ce kada ki kunyata ni. Kika yi biyayya. Amma ranar kofunan nan, bayan kin gama bayani, kin sa wani kofi a tsakiya kika ce, "Inna, in duk saƙo ta kofin nan kaɗai yake bi, ranar da aka ɗauke shi fa?" Kika ɗauke shi. Kika ce, "Rabin aikina ke nan, in tabbata kullum akwai wata hanya." Kika zuba mini ido. Na gane sarai, amma na yi kamar ƙuda nake kora.

Ban ce kunyar ɗan fari banza ce ba, kada ki je ki gaya wa Turawa haka. Uwata ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, amma a gida ɗaya suke, yana ganin wa take tsame wa tsoka mafi girma, yana jin wa take tashi dubawa in ya yi tari. Bai taɓa shakkar ta ba. Al'adar nan an yi ta ne don mutanen da ke kwana a tsakar gida ɗaya, inda ido yake faɗin abin da baki ya rufe. Mu kuwa da muka zo garin rami, muka warwatsu, wani a gawayi, wani a zinariya, wani a jami'a, mun taho da kunyar mun baro tsakar gidan. Yaron da ke bayan rairayi ba ya ganin tsoka, ba ya jin takun uwarsa. Shiru kawai yake ji, kuma ba laifinsa ba ne in ya fassara shi yadda ya fassara. Ni ce na mai da ke kofin tsakiya, na ɗora miki abin da ba naki ba, har ga shi yau yana neman ya hana ki tafiya. Wannan ya fi daddawa da kilishi ci mini rai.

To ki ji abin da ya faru yau da hantsi, kina ɗaki kina fama da alamominki.

Agali ya gama lodi, mota tana ruri. Na fito da ƙullin dakuwa. Ya miƙo hannu ta taga, da Hausarsa ta Abzin da ba ta raba mace da namiji, ya ce, "Inna, ka kawo? In ji Balkisa, ko?"

Na ce, "A'a."

Ya dube ni ta saman rawaninsa. "To in ji wa?"

Na ce, "In ji uwarsa."

Agali ya san komai tun ba yau ba, shi ya sha ganin hannuna da maiƙon dakuwa. Amma ja'irin sai ya sa hannu ya kashe motar. Tasha ta yi tsit, har mai shayi ya daina fifita wuta. Ya ce, "Inna, can mutum ya yi yawa, kowa da uwa. Ni ban san wanda za a ba ba. Ka faɗi sunan."

Balkisa, sai na waiwaya. Matan rumfuna duk sun juyo, wadda muke gaba da ita a kan wurin wanke-wanke har ta dafa ƙugu. Na ji muryar uwata a kunnena, na ji kamar zanina ya kwance a kasuwa. Sunan nan tun ranar da liman ya raɗa shi yake cikin bakina, ban taɓa barin sa ya fita ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Na buɗe baki ya ƙi. Na tuna rigar sanyinki a kan igiya, na sake buɗewa, ya fito. Muryar ma ba ta yi kama da tawa ba.

Na ce, "Ka ce masa duk dakuwar da ya ci a wurin nan hannuna ne ya daka. Ka ce ƙanwarsa za ta tafi karatu, amma yana da uwa a Arlit. Ga lambata a takarda, in ya hau dutsen ya kira, ni zan ɗauka." Na ce kuma ya dawo mini da amsa, ko mai daɗi ko marar daɗi. Agali bai yi dariya ba. Ya karɓi ƙullin da hannu biyu, ya sa a gabansa inda yake ajiye carbi, ya ce, "Ya isa, in sha Allah." Da ya tafi ban tsaya jiran dawowarsa ba, na sami wani mai kamiyo da zai tsaya a rabin hanya na ba shi maganar, na ce ya ba duk wanda ya gani mai wucewa gaba. Kin ga ni ma na yi karatu a wurinki.

Ban san abin da zai ce ba. Mai yiwuwa ya kira, mai yiwuwa ya yi fushi ya ce sai yanzu, kuma yana da gaskiya. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma ko ya yi shiru zan sake aikawa, in sake, har ya ce ya gani. Wannan aikina ne, ba naki ba, kuma ba ya bukatar ki zauna a Arlit kina gadinsa.

Don haka ki sauke rigar nan daga igiya ki mayar cikin jaka. Ki tafi ki koya wa na'urorinki sallahu. Ɗazu da azahar na sake zuba ido arewa, sai na gan ki a wani ɗaki mai manyan tagogi, farin abu yana sauka a waje a hankali, kina tsaye gaban allo da rigar sanyinki, wasu dattawa masu tabarau sun yi shiru suna sauraronki. Na ga kin zana kofuna a allon. Daga can kuma na ga wani yaro a bakin ramin zinariya, ba namu ba, na wata, salularsa ta yi ƙara a inda ba a taɓa jin ta yi ba, ya goge hannu a riga ya duba. Ba wanda ya nemi ƙarin miya, don haka na daɗe ina kallo.

Ki riƙe salla a kan lokacinta, ko da rana ta rikice miki a can. Ki ci abinci mai zafi, kada ki rayu a kan burodi da shayi kamar yadda kika yi a Yamai kika dawo mini kamar sanda. Ki yi abokai, kada ki rataya ranki a kan mutum ɗaya, ko malami ne ko wanin malami. In an yabe ki ki gode, in an kushe aikinki ki tambayi ta ina. Wanda kike ƙauna kuma ki gaya masa da bakinki tun yana kusa, ki faɗi sunansa, ki faɗi naki.

Allah ya kai ki lafiya, ya sauke ki lafiya. Ya tsare gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Ya buɗe miki abin da ya rufe wa waɗanda suka riga ki, ya sa iliminki ya amfani mutanen da ba za su taɓa sanin sunanki ba. Ya tsare wanda ke cikin rami a Cibarakaten, ya sanyaya zuciyarsa kafin Agali ya isa. Ya ji ƙan babanku. Ya haɗa fuskokinmu da alheri, mu uku, a tabarma ɗaya. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Wassalam.

Ni ce Innarki,
uwar Nasiru.